Aƙidun Siyasar Amurka da Yadda Suka Iso Ƙasar Mubi

Tunanin siyasar Amurka ya samo asali ne daga rigimar haraji. Bayan yaƙin shekara bakwai da Ingila ta gwabza da Faransa, wanda ya ƙare a 1763, majalisar dokokin Landan ta ɗora wa yankunan da take mulka a gaɓar Amurka ta Arewa sababbin haraji domin ta rage bashin yaƙi. Mazauna yankunan suka ce ba su da wakili ko ɗaya a wannan majalisa, saboda haka ba ta da hurumin sa hannu a aljihunsu. Gardamar da ta fara a kan kuɗin hatimi da na ganyen shayi ta yi ta girma har ta taɓo tushen mulki kansa. Ran 4 ga Yuli 1776 wakilan yankuna goma sha uku suka amince da takardar ɓallewa wadda Thomas Jefferson ya tsara. Hujjarta ita ce ɗan Adam yana da haƙƙoƙin da aka haife shi da su, waɗanda sarki bai isa ya ƙwace ba, kuma hukuma ba ta halatta sai da yardar waɗanda take mulka. Yawancin wannan Jefferson ya ɗebo shi ne daga rubuce-rubucen John Locke, masanin Ingila na ƙarni na 17.

Tsarin farko da jihohin suka yi bayan samun 'yanci ya bar gwamnatin tsakiya ba ta iya karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi su taimaka. A 1787 aka taru a Filadelfiya aka rubuta kundin tsarin mulkin da ƙasar take amfani da shi har yau. James Madison, wanda ya fi kowa tasiri a taron, bai yarda a dogara da kyawun halin shugabanni ba. A ganinsa duk wanda ya ɗanɗana iko zai nemi ƙari, don haka dabarar ita ce a rarraba ikon yadda kowane ɓangare zai iya taka wa ɗan'uwansa birki: majalisa ta kafa doka, shugaba ya zartar, kotu ta yanke hukunci, sannan a sake raba mulkin tsakanin tarayya da jihohi. Rabon ukun nan ra'ayin Montesquieu ne, mutumin Faransa. Abin da Madison ya ƙara na ƙashin kansa yana cikin maƙaloli 85 da shi da Alexander Hamilton da John Jay suka rubuta don kare sabon kundin, waɗanda aka sani da takardun Federalist. A maƙala ta goma ya nuna cewa ƙasa mai faɗi, mai ƙungiyoyi da buƙatu barkatai, ta fi ƙarama aminci, domin da wuya ɓangare guda ya tara rinjayen da zai danne sauran.

Tun daga nan siyasar ƙasar ta rabu gida biyu. Hamilton yana son gwamnatin tsakiya mai ƙarfi da bankin ƙasa da masana'antu, Jefferson kuwa ya fi amincewa da jihohi da manomi mai gonar kansa. A 1791 aka ƙara gyare-gyare goma a kundin, waɗanda suka tsare 'yancin magana da na addini, suka kuma hana gwamnatin tarayya ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Babban tabon tsarin shi ne bauta. Ƙidayar 1790 ta sami bayi kusan 700,000, kuma kundin ya lissafa kashi uku cikin biyar na yawansu wajen rabon kujerun majalisa, alhali ba su da ƙuri'a. Jefferson da kansa ya mallaki ɗaruruwan bayi. Kafin 1860 adadin ya kusa miliyan huɗu, sai da aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 a zamanin Abraham Lincoln kafin a haramta bautar. Mata sun sami ƙuri'a a faɗin ƙasar a 1920, baƙaƙen fata na kudu kuwa ba su same ta a aikace ba sai bayan dokar 1965.

A shekarun da Jefferson yake shugabanci, daga 1801 zuwa 1809, ana wata muhawarar a kan halaccin mulki a ƙasar Hausa, mai tushenta daban. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. A littafinsa Kitabul Farƙ ya lissafa laifuffukan sarakunan Haɓe, daga harajin da shari'a ba ta sani ba zuwa toshiya da ƙwacen dukiyar talaka. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkam, ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa. A wurinsu ma mai mulki yana ƙarƙashin doka, amma dokar ta Allah ce, kuma ma'aunin sarki shi ne adalci da shawara da malamai. Wajen 1809 Modibbo Adama ya karɓo tuta ya kafa daular Fombina, wadda ta zauna a Yola daga 1841. Mubi da Madagali da Michika da Uba suka zama ƙananan masarautun Fulani masu biyayya ga Lamiɗo. Mutanen duwatsu kuwa, Gude da Fali da Njanyi da Kamwe da Margi, kowanne yana da sarakunansa da dattawansa, kuma da yawa tudun ne ya tsare su daga mahara. Kwaja, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu daf da iyakar Kamaru, tana cikin tsaunukan nan. A Fombina, kamar a jihar Bajiniya ta Jefferson, adalcin da aka rubuta yana da iyakar da bai ƙetare ba, bauta kuma ta ci gaba a bayan iyakar.

Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta tsaga Fombina a kan taswira. Ingila ta ci Yola a Satumba 1901, Jamusawa suka kama Garwa da Marwa, Mubi ta faɗa ɓangarensu. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, Garwa ta faɗi a Yuni 1915, sansanin Jamusawa na dutsen Mora ya miƙa wuya a Fabrairu 1916. A bisa al'adar Turawa ta lokacin, wanda ya ci yaƙi shi ke da ƙasa. A nan ne ra'ayin wani Ba'amurke ya fara taɓa makomar Mubi. Ran 8 ga Janairu 1918 shugaba Woodrow Wilson ya gabatar da manufofi goma sha huɗu na sulhu, ta biyar daga ciki ta ce wajen sasanta rigimar ƙasashen mallaka dole a ba buƙatun mazaunansu nauyi daidai da na gwamnatocin da ke neman su. Wilson ba waliyyi ba ne. A zamaninsa aka tsananta wariyar launin fata a ofisoshin gwamnatin tarayya, kuma da yake maganar al'umma ta zaɓi makomarta, al'ummun Turai ne a ransa. Duk da haka matsin da ya yi a taron Faris na 1919, haɗe da shawarar Jan Smuts na Afirka ta Kudu, ya haifar da sashe na 22 na yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙawancen Al'ummai: ƙasashen da aka karɓe daga Jamus amana ce a hannun waɗanda suka ci yaƙi, kuma za su riƙa kai rahoto duk shekara. Majalisar Dattawan Amurka ta ƙi amincewa da yarjejeniyar, ƙasar ba ta taɓa shiga ƙungiyar ba, amma tsarin amanar ya zauna. A Yuli 1919 Ingila da Faransa suka raba Kamaru, a 1922 aka tabbatar wa Ingila riƙon ɓangaren da ya haɗa da Mubi.

A aikace amanar ba ta sauya wa talaka da yawa ba. Ingila ta manna yankin a jikin lardunan Nijeriya, ta sa Mubi ƙarƙashin En'en Adamawa, aka ci gaba da naɗa hakimai Fulani a kan mutanen duwatsu. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar kundin abubuwan da ya yi daga 1912 zuwa 1927, inda ya lissafa hare-haren da ya tura da bayin da aka kamo masa. Turawa sun tuɓe shi a 1927, kuma maɗaba'ar Jami'ar Indiana ta buga fassarar kundin a 1995. Amfanin tsarin amana shi ne akwai wata hukuma a waje, a Janiba, da take da ikon yin tambaya.

Ƙofa ta biyu da ra'ayoyin Amurka suka shigo ta cikinta ta 'yan mishan ce. Ran 17 ga Maris 1923 Stover Kulp da Albert Helser, 'yan cocin Brethren daga Amurka, suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida. Cocin nasu ya faro ne a Jamus a 1708, mabiyansa suka yi ƙaura zuwa Fensilbaniya saboda tsangwama, kuma an san su da ƙin ɗaukar makami da ƙin mallakar bayi. Sun buɗe makarantu da asibitoci a ƙasar Bura da Margi, daga Garkida zuwa Lassa, daga baya aikin ya kai ƙasar Kamwe da kewayen Mubi. Ba darasin Madison suka zo koyarwa ba, amma makarantunsu sun fitar da malamai da ma'aikatan asibiti daga ƙabilun da En'e ba ta cika ɗauka aiki ba, kuma cocin nasu yana tafiya ne da taron wakilai da zaɓe. Daga wannan aiki Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fito, mai hedikwata a Kwarhi kusa da Mubi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa maganar ƙarfi. A Agusta 1941 shugaba Franklin Roosevelt da Winston Churchill suka fitar da sanarwar Atlantika, wadda ta amince kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓar irin gwamnatin da za ta zauna ƙarƙashinta. Churchill ya yi maza ya ce bai haɗa da ƙasashen da Ingila take mallaka ba. Nnamdi Azikiwe, wanda ya yi karatu a jami'o'in Howard da Lincoln na baƙaƙen fatar Amurka, ya kama sanarwar ya rubuta takardar neman mulkin kai, ya tafi da ita Landan a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, yana cikin ayarin, bai kuwa sa hannu ba. A 1945 aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a San Faransisko, kuma cikin waɗanda suka tsara sassan riƙon amana na kundinta akwai Ralph Bunche, baƙar fata Ba'amurke wanda ya yi digirinsa na uku a Harvard a kan mulkin Faransa a Togo da Dahomey. Shi ya jagoranci sashen amana na majalisar daga 1946, shekarar da Kamarun Ingila ta shiga sabon tsarin. Wannan karon an rubuta ƙarara cewa manufar riƙon ita ce mulkin kai ko 'yanci bisa son mazauna, kuma ayarin majalisar zai riƙa zuwa ya gani da idonsa, ya karɓi ƙorafi.

Jam'iyyun Arewa da suka taso a lokacin ba daga Amurka suka sha ba, bai kamata a ƙaƙaba musu hakan ba. NPC ta Sardauna Ahmadu Bello tana son Arewa ɗaya da gyaran sarauta sannu a hankali. NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta raba al'umma gida biyu, talakawa da masu sarauta, kuma Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur sun fi kafa hujja da littattafan masu jihadi, sai abin da Aminu ya gani na jam'iyyar Leba a Ingila da salon Gandhi na Indiya. UMBC ta Joseph Tarka tana magana ne da yawun ƙananan ƙabilu. Ko jerin haƙƙoƙin ɗan Adam da aka sa a kundin 1960, bisa shawarar hukumar Willink ta 1958, daga yarjejeniyar Turai ta haƙƙoƙin ɗan Adam aka kwafo shi.

Ayarin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya zo a 1958 ya ba da rahoton cewa mutanen Arewacin Kamaru sun riga sun gamsu da zama cikin Nijeriya, ba sai an yi ƙuri'a ba. Babban zauren majalisar ya ce a tambaye su duk da haka. Ran 7 ga Nuwamba 1959, ƙarƙashin sa idon Djalal Abdoh na Iran, aka ba maza zaɓi biyu: su shiga Jihar Arewa idan Nijeriya ta sami 'yanci, ko a ɗage maganar zuwa gaba. Mutum 70,546 suka zaɓi ɗagewa, 42,788 suka zaɓi shiga. Sakamakon ya girgiza Kaduna. Jam'iyyar NKDP ta 'yan yankin, da goyon bayan Action Group da UMBC, ta yi yaƙin neman ƙuri'a ne a kan hakimai da alƙalai da 'yan doka, masu lura da al'amarin kuma suka fahimci cewa jama'a En'e suka ƙi, musamman ta Yola. Karo na farko ke nan da aka ƙirga ra'ayin mutumin kan dutse daidai da na hakimi, kuma ƙirgar ta yi aiki nan take. Gwamnatin Arewa ta cire sassan yankin daga hannun En'en Adamawa da ta Dikwa, aka kafa sababbin En'e-En'e, har da ta Mubi, aka sauke wasu hakimai, aka shirya zaɓen majalisun gundumomi. Daga 1 ga Oktoba 1960 Sir Percy Wyn-Harris ya riƙe yankin a madadin Ingila daga Mubi, a ware da Nijeriya.

Ƙuri'a ta biyu an yi ta ran 11 da 12 ga Fabrairu 1961, zaɓin kuwa tsakanin Nijeriya ne da Jamhuriyar Kamaru. Majalisar Ɗinkin Duniya ta dage sai mata sun jefa, saboda haka matan Kwaja da Gella da Michika sun riga matan Kano da Sakkwato tsayawa layin zaɓe da shekara goma sha biyar, domin sauran matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Manyan jam'iyyun Nijeriya sun haɗa kai a wannan karo, Sardauna ya yi alkawarin lardi mai zaman kansa. Nijeriya ta sami 146,296, Kamaru ta sami 97,659. Ran 1 ga Yuni 1961 yankin ya shiga Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna mai hedikwata a Mubi. Shugaba Ahmadu Ahidjo na Kamaru ya ayyana ranar a matsayin ta makoki, ya kai ƙara Kotun Duniya, kotun ta ƙi yanke hukunci a kan ƙarar a Disamba 1963.

Aro mafi girma daga Amurka ya zo ne bayan rushewar Jamhuriya ta Farko da yaƙin basasar 1967 zuwa 1970. Ran 18 ga Oktoba 1975 Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin tsara kundi ƙarƙashin Rotimi Williams, mai mutum 49 bayan Obafemi Awolowo ya ƙi shiga, ya kuma shawarce su da tsarin shugaba mai cikakken iko. Dalilan a fili suke. A tsarin Ingila mazaɓa guda ce take zaɓar firaminista, jam'iyyar yanki ɗaya tana iya riƙe ƙasa, kuma rikicin zaɓen Disamba 1964 ya nuna haɗarin zaman shugabanni biyu, lokacin da Azikiwe ya yi jinkirin kiran Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. Ƙara yawan jihohi, daga 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, lokacin da aka kafa jihar Gongola wadda Mubi ta faɗa cikinta, ya yi daidai da hujjar Madison ta rarraba ƙarfi har ɓangare guda ya kasa danne sauran. Abin lura, Murtalan da ya zaɓi tsarin Amurka shi ne ya tsaya a Addis Ababa a Janairu 1976 ya yi fatali da wasiƙar shugaba Gerald Ford a kan Angola. A cikin kwamitin, Yusufu Bala Usman da Olusegun Osoba sun ƙi daftarin, suka rubuta nasu rahoton suna cewa sauya fasalin gwamnati ba zai amfani talaka ba muddin ba a taɓa rabon dukiya ba. Gwamnati ba ta kula rahoton ba. A majalisar tantance kundin da Udo Udoma ya shugabanta, gardamar kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ta tarayya ta sa wakilai Musulmi da dama suka fice a Afrilu 1978. Aka daidaita a kan hana addinin hukuma, tare da barin irin wannan kotu ga jihar da take so.

Kundin da ya fara aiki ran 1 ga Oktoba 1979 ya ɗauki shugaba da gwamnoni masu wa'adin shekara huɗu sau biyu, da majalisu biyu a tarayya, da kotun ƙoli mai ikon soke doka. Bai ɗauki tsarin wakilan zaɓe na jihohi da Amurka take bi ba, ya sa sharaɗin cewa mai son shugabanci sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Sharaɗin ya kai ga shari'ar Awolowo da Shehu Shagari a kan ko nawa ne kashi biyu cikin uku na 19. Ya kuma ƙara ƙa'idar raba muƙamai daidai tsakanin sassan ƙasa. Bambancin da ya fi nauyi yana can ƙasa. A Amurka jihohi ne suka haɗu suka kafa tarayya, kowace da kundinta da 'yan sandanta da harajinta. A Nijeriya sojoji ne suka yanka jihohi da doka daga sama, 'yan sanda na tarayya ne, kuɗin ma daga asusun tarayya ake rabo. Masu sukar tsarin sukan ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma a wannan gaɓa suna da gaskiya.

A zaɓen 1979 Gongola ta ba GNPP ta Waziri Ibrahim kujerar gwamna, Abubakar Barde ya hau. Makamin tsigewa, wanda har yau Majalisar Dattawan Amurka ba ta taɓa kawar da shugaban ƙasa da shi ba, bai yi shekara biyu ba a Nijeriya ya ci Balarabe Musa na Kaduna a Yuni 1981, ya kuma ci Murtala Nyako na Adamawa a Yuli 2014. Sojoji sun rushe tsarin ran 31 ga Disamba 1983, kundin 1999 ya maido shi kusan yadda yake. Kukan 1959 bai mutu ba. A Disamba 2024 gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya kafa sababbin masarautu bakwai, cikinsu har da Michika da Madagali da Maiha waɗanda a da suke ƙarƙashin masarautar Mubi.

Ƙuri'ar 1961 ta yanke wace ƙasa mutanen yankin za su bi, amma ba ta ja layin iyaka ba. Layin yana cikin takardar Thomson da Marchand, wadda gwamnonin Nijeriya da Kamarun Faransa suka tsara, Ingila da Faransa suka tabbatar a 1931. Takardar ta ambaci Kwaja da sunan Kotcha, ta bar ta ga Ingila, ta bar Dumo ga Faransa. A shari'ar Kamaru da Nijeriya da Kotun Duniya ta yanke ran 10 ga Oktoba 2002, an nuna cewa garin ya faɗaɗa, gonakinsa sun ƙetare layin. Kotun ta bar garin ga Nijeriya, ta ce iyakar tana bin ƙololuwar tudun da ruwa yake rabuwa a kansa, kuma ba ta da ikon matsar da layin da aka riga aka shata don gari ya bunƙasa ya wuce shi. Ba a tambayi manoman da gonakinsu suke bayan layin ba, yarjejeniyar 1931 ce ta yi hukunci.